Tafin Hannuna a Kan Jinga

Jingar da muka gina a bakin kogin Haɗeja ta fashe a ƙarshen damina, ruwa ya cinye shinkafar ƙauyuka uku, aka kama ni aka sa mini marin ƙarfe a ƙafa. Kwana tara na yi a zauren hakimi. An ce za a sayar da ni a biya geron fada da ya salwanta. Wannan tun kafin zuwan Nasara ne, ina da ƙarfina, gemuna bai fara furfura ba.

Ni magini ne, ubana ma magini ne. Ban yi karatu ba sai abin salla. Laka na sani.

A ƙasarmu ba ruwan sama ake tsoro ba. Wanda ake tsoro shi ne mai sauko mana daga wajen Kano lokacin da shinkafa ta ɗauki ciki. Sama garau, rana tana dukan ƙeya, kogi kuwa yana hawa kamu kamu. Saboda haka a shekarar nan, bayan kaka, fada ta aiko a ja jinga daga kwanar kogi har tudun maƙabarta, ta tare ruwa daga fadama. Aka buɗe rumbun fada aka fitar da dami ɗari uku na gero domin ciyar da ma'aikata, da kuɗin wuri na sayen gishiri da daddawa. Aka danƙa duka a hannun wakilin hakimi. Ni kuma aka sa ni gaban magina.

Wakilin nan mutum ne mai ƙiba da fara'a, bakinsa ja da goro. Bai taɓa kirana da sunana ba, kullum sarkin laka. Yakan ce in na mutu ba sai an haƙa mini kabari ba, a kirɓa ni kawai a yi tubali. Mukan yi dariya. Ina son sa a lokacin, ba zan ɓoye ba.

Ban taɓa ganin aiki mai daɗi irin na watan farko ba, kuma ban sake gani ba. Ƙauye uku sun fito. Makaɗa suna tsaye a inuwar gawo da gangar noma, maza suna tsalle cikin ramin laka har gwiwa, masu kwando suna gudu a jere kamar tururuwa. Ana yanko baƙar laka daga fadama, a zuba mata ciyawa, a taka ta har ta yi danƙo, a ɗora kamu ɗaya, a doke ta da madaɓi, a bar ta ta sha rana kwana biyu kafin a ɗora wani. Ba a yi wa jinga gaggawa. In ta bushe ka buge ta da sanda, hannunka ne zai yi zafi. Ni ina bisa ina gudu daga wannan kai zuwa wancan, muryata ta dishe, ina jin kamar ni nake riƙe da kogin a wuya.

Muna da al'ada, mu magina. Duk gaba goma da aka gama, babban magini yakan manna tafin hannunsa a ɗanyar laka ta gefen gona. In ta bushe, hannun yana nan shekara da shekaru. Ma'anarsa ni na tsaya a kan wannan, in ya lalace a zo gare ni. Ubana ya bar hannunsa a ganuwar birni, na je na gani, na sa nawa a ciki, nasa ya fi girma.

Mai dafa mana tuwo wata tsohuwa ce, asalinsu daga Barno, kowa Iya yake ce mata. Ba ta da haƙori ko ɗaya, amma in ta buɗe baki ƙato yakan ajiye akushi ya gudu. Mata goma suna yi mata sussuka da daka. Ladanta dusa ce da igiyar da aka ɗaure dami, haka ake yi wa mai tukunyar gayya tun kakanni. Dammunan fada kuwa da kaba ake ɗaure su wadda aka rina ja da karan dafi, don kada su gauraya da na talaka. Iya ba ta yarda a yanka igiyar nan. Da kanta take kwancewa, ta naɗe, ta soka a ƙugu. Wata rana wani ya ɗauki guda zai ɗaure wandonsa, ta bi shi da muciya har bakin ruwa, aka tsai da kiɗa ana kallo.

A wata na biyu tuwo ya fara raguwa. Daga malmala biyu ya koma ɗaya, daga ɗaya ya koma kunu. Iya ta ce dami ne ba ya zuwa kamar da. Na je wurin wakili, ya ce fada ce ta yi jinkiri, mu yi haƙuri. A satin nan na ga jakunan fatake suna fita ta bayan gidansa da rana tsaka, sun nufi hanyar Birniwa, mangaloli cike. Ban ga abin da ke ciki ba. Na dai ga yadda jakunan suke tafiya.

Mutumin da ke taka laka tun asuba ba ya tsayuwa da kunu. Makaɗa ne suka fara tafiya. Sai ƙauyen gabas, sai na yamma. Kafin bazara ta kama sosai mun rage mu goma sha biyu, ga gaba arba'in ba a taɓa ba, daga wata tsamiya zuwa tudun maƙabarta. Sai labari ya zo jakadan fada zai iso nan da kwana shida ya duba aiki.

Wakili ya zo da kansa, ya tattare riga ya hau jinga yana haki. Na ce masa gaba arba'in da mutum goma sha biyu aikin wata biyu ne. Ya ce ga yashi can a bakin kogi ba mai shi, ga karan dawa a gonaki, a tara su a tsakiya a lulluɓe da laka kauri ɗaya, wa zai sani. Na ce kogi zai sani.

"Sarkin laka," in ji shi, "kogi sai ƙarshen damina zai zo, jakada kuwa ran Alhamis. Wanne ya fi kusa? Bari ya wuce, mu rushe mu sake da kyau. Ni da bakina nake gaya maka."

Ya ce ya ji matata ta kusa haihuwa, kuma geron rumbuna ya kusa ƙarewa. Da yamma aka kawo mini dami biyu gida, da jar igiyarsu. Na karɓa.

Mun yi shi cikin kwana biyar. Yashi, kara, yashi, kara, sannan laka a sama, muka shafe ta sumul har ta fi ta gaskiya kyau. Da aka gama sauran magina suka tsaya suna dubana. Na durƙusa na manna hannuna sau huɗu. Ba wanda ya riƙe mini wuyan hannu. Lakar tana da sanyi, a ƙarƙashinta ina jin abin yana lotsawa.

Jakada ya iso ran Alhamis da hantsi. Dogo ne, rawaninsa fari tas, takalmansa na fata ba su taɓa ganin laka ba, kuma ranar ma ba su gani ba, domin bai sauka daga doki ba. Yadda ake duba aiki a wancan zamani, ana miƙa igiya bisa jinga, duk gaba goma a ƙulla mata ƙulli, jakada ya naɗe ta ya kai fada. Aka miƙa, aka ƙulla, tsawo ya cika cif har tudun maƙabarta. Ya duba gefen gona ya ga hannuwa a jere. Ƙanshin ragon da wakili ya yanka yana tasowa daga gari. Ya juyo ya dube ni daga can sama.

"Magini, aiki lafiya?"

"Lafiya lau, ranka ya daɗe."

Abin da na faɗa ke nan. A wurinmu ba a tarar baƙo babba da mugun labari yana bisa doki, bai sha ruwa ba. Sai ya ci ya huta. Shi kuwa yana ci ya hau ya tafi. Daga baya na ji yadda maganar ta yi ta girma a hanya. Wakili ya ce wa jakada an gama kuma gero ya ƙare daidai da aiki. Jakada ya ce wa hakimi jinga ta yi ƙarfi. Hakimi ya aika fada cewa ko giwa ta hau ba za ta motsa ba. Aka aiko wa wakili riga.

Na koma masa sau uku a kan rushewa da sakewa. Na farko ya ce bayan shuka. Na biyu ya ce bayan noman fari. Na uku bai fito ba.

Da damina ta yi nisa na bar gonata, kullum ina kan gaba arba'in ɗin nan ina zagaye. Ruwan Kano ya iso. Ya hau, ya hau, ya kwanta a jikin jinga, ja wur, yana ɗauke da itatuwa da mushen awaki. Wajen laka ta gaskiya ko gezau. Na tsaya a can na ji daɗi har na yi dariya ni kaɗai, ga kogi guda yana turawa, abin da muka taka da ƙafafunmu ya ce ba ka wucewa.

Rana ta huɗu da hantsi na ga wani danshi a gefen gona, kusa da tsamiya, faɗin faifai. Na sa yatsa. Ruwa ya fito siriri, yana ɗauke da yashi. Na zabura. Ban san ina da gudu irin wannan ba. Ina ihu a fito daga fadama, mata suna cikin shinkafa suna cire ciyawa, wasu da goyo. Suka watso kan tudu. Maza suka zo da tabarmi da kwanduna, muka faɗa wurin muna cusawa, muna dannawa da ƙirji. Ramin ya zama kamar bakin tulu, ya zama kamar ƙofar ɗaki. Na ji ƙasa tana rawa a ƙarƙashina. Na ce kowa ya gudu. Sai ta buɗe. Ƙarar kamar an kayar da kuka. Ruwa ya ɗauke ni ya yi ta juyawa da ni cikin kara da yashi, na damƙi reshen tsamiya na maƙale. Daga nan bisa na ga fadama duka ta zama kogi kafin azahar. Ba wanda ya mutu. Shinkafa kuwa ko zangarniya ba a cira ba.

Rabin gaba arba'in ya tafi. Rabin ya tsaya, da shaidar tafin hannuna guda biyu a jikinsa, kowa yana gani.

Washegari dogarai suka zo. A zauren hakimi wakili ya yi magana da hawaye a idonsa. Ya ce dami ɗari uku duka ya ba da, ma'aikata sun ci, magini ne ya yi ha'inci don ya gama da wuri, ga hannunsa can shaida. Na ce gero bai zo duka ba. Aka ce wa ya ƙirga? Ba wanda ya ƙirga. Ma'ajin fada ya ƙirga da aka fitar, daga nan ba a sake ƙirgawa ba, ba a kuma taɓa tambaya ba. Magina sun tsorata, kowa ya ce bai sani ba. Hakimi ya ce alƙali zai zo daga birni, in magana ta tabbata a kaina za a ba da ni ga fataken arewa.

Na taɓa yin yunwa har na ci ganyen da akuya ta ƙi. Na taɓa kwana uku cikin ruwa ina ɓuya daga mahara. Amma marin nan ya fi su. Ina zaune ina tunanin ɗiyar da aka haifa mini, ko rarrafe ba ta fara ba.

A rana ta bakwai matata ta kawo mini fura. Don ta ɗauke mini hankali sai ta shiga ba ni labarin gari. Ta ce Iya tana can tana zagin kowa, wai aikin bana cuta ne, an ce mata dami ɗari uku, ta sa rai za ta saƙa gado da igiyar guga har ta sayar da saura, ga shi abin da ta tara ko gadon bai isa ba, tana nan ta rataye su goma goma a rufin ɗaki tana kallo tana tsaki.

Na miƙe tsaye da mari a ƙafa, ƙwaryar fura ta kife. Dogari ya ɗaga sanda. Na ce wa matata ta ruga ta gaya wa Iya kada ta saƙa ko guda, kada ta ba kowa, kada ta bar ɗakin. Na ce ta kuma ɗauko igiya biyu da ke cikin rumbunmu ta kawo. Ta ce waɗannan ai su za su kashe ni. Na ce ta kawo.

Alƙali ya iso rana ta tara. Tsoho ne ɗan ƙarami, a kan jaki ya zo. Ya saurari wakili, ya saurari jakada, wanda ya nuna igiyarsa mai ƙulli ya ce ga aiki, shi ya auna da idonsa. Da aka zo kaina na ce, Allah gafarta malam, ba ni da baki, a kai ni bakin jinga a ba ni gwangwala. Ya ce a kai ni.

Gari duka ya biyo mu. Ruwa ya ɗan ja baya. Aka karɓo gwangwalar tura jirgi daga wani masunci, aka fiƙe mata baki. Na hau wajen kwanar kogi, inda muka fara, na ɗaga na caka da dukan ƙarfina. Ta yi tsalle ta dawo, kafaɗata ta amsa. Na matsa gaba goma na sake. Haka. Na yi ta tafiya ina caka, mari yana ƙara, mutane suna bina a ƙasa, har wasu sun fara ƙirgawa da ƙarfi. Na wuce tsamiya, na zagaya ramin da ruwa ya yi, na hau abin da ya rage. Na ɗaga na caka. Gwangwala ta shige har hannuna, na kusa kifawa. Na zaro ta, yashi ya biyo ta yana zuba.

Alƙali ya sauko daga jaki, ya tattare riga, ya tako cikin laka da ƙafarsa. Ya karɓi gwangwalar ya caka da kansa. Ya dubi jakada ya tambaye shi ko igiyarsa ta gaya masa wannan.

Na ce daga kwanar kogi zuwa tsamiya aikin tuwo ne, daga tsamiya zuwa nan aikin kunu ne. Na ce hannun nan nawa ne, ni na sa, an ba ni dami biyu na karɓa, ga igiyarsu. Na ajiye a gabansa. Sannan na ce a kira Iya.

Ba a ma kira ta ba, tana nan, ta sa mata biyu sun ɗauko mata kayanta a kai. Ta zube jajayen igiyoyi a gaban alƙali, ɗauri ɗauri. Ya sa aka ƙirga a fili. Ɗauri goma sha takwas, ɗari da tamanin. Da nawa biyu. Wakili ya yi dariya ya ce tsohuwa ce, ta ƙona wasu a murhu ta manta.

"Ni?" in ji Iya. "Kai ɗan nan, na san ranar da aka yanke maka cibi. Tambayi wancan mai wandon ko ina manta igiya."

Mutane suka fashe da dariya, har dogarai. Wakili ne kaɗai bai yi ba. Alƙali ya ce abu mai sauƙi ne, a je a duba rumbunan wakili, in ba jar igiya a ciki a ba shi haƙuri. Muka ɗunguma. Ni da mari na riga wasu masu ƙafa sake isa. Aka ɗaga murfin rumbu na biyu, dogari ya shiga, ya fara jefo dammuna waje. Ja, ja, ja. Ashirin da wani abu. Sauran sun daɗe da bin hanyar Birniwa.

A nan tsakar gidan aka cire mini mari. Alƙali ya ce ba za a sayar da ni ba, geron ba a wuyana yake ba. Amma hannu nawa ne. Aka yi mini bulala ashirin, aka ce in rani ya zo in rushe abin da ya rage in sake gina gaba arba'in ba lada. Na ce na yarda. Bulalar nan ban ji ta ba sai da na kwanta.

Wakili an karɓe rigar da gonakinsa biyu. Bayan shekara uku na ji an ba shi riƙon wata kasuwa. Jakada ba abin da ya same shi, ya ci gaba da yawo da igiyarsa. Mutanen ƙauyukan nan uku sun sha wuya a shekarar, wasu sun tashi ba su dawo ba, kuma akwai waɗanda har suka mutu ba su amsa gaisuwata ba. Ban ga laifinsu ba.

Na sake ginin da rani, wata biyu da kwana tara. Geron da aka samu a rumbun wakili shi aka ci, Iya ce ta dafa, ta kuma ƙirga igiyarta kowace yamma da ƙarfi don kowa ya ji. Da aka gama na ba wani masunci gwangwala na ce ya caka duk inda ya ga dama. Sannan na sa hannu.

Yanzu Nasara sun zo, suna jan hanya ta cikin fadama. Na ga mai duba musu aiki, da takarda a hannu maimakon igiya. Shi ma bai sauka daga doki ba.

Ina Kafin Hausa a gidan ɗiyar nan tawa, idona ɗaya ya tafi, gwiwoyina ba sa taka laka. Masu zuwa cin kasuwa daga bakin kogi sun ce jingar tana nan, hannu huɗu na wajen tsamiya ma suna nan.